Ranar da Na Shaƙe Wanku a Erdington

Na san bidiyon nan yana cikin wayoyinku har yau, kada wani ya ce mini ya goge. Bai kai minti ɗaya ba: hayaƙi, ƙara, ga tsoho ya damƙi wuyan rigar ɗansa yana jan shi a gaban surukansa. An tura shi Funtuwa, an tura shi Kaduna, har ƙanwata da ba ta iya buɗe saƙo ba sai da aka nuna mata, ta kira ni tana kuka. Shekara uku ke nan kuna faɗa a bayan idona cewa Baba ya fi son tsohon ƙarfe a kan ɗan da ya haifa. Binta, ke ma kin faɗa, a kicin ɗinki na Sparkhill, kina tsammanin barci nake yi a falo. Ban tanka ba, domin ba a yi mini tarbiyyar tsayawa gaban 'ya'yana ina wanke kaina ba. Amma yanzu da hannuna ya fara rawa in na riƙe biro, zan rubuta abin da ya faru a wannan shekara tun daga tushe. Wanda ya karanta ya ci gaba da faɗar abin da yake faɗa, shi da Allah.

Sai kun san motar kafin ku yanke mini hukunci. Ina saurayi a Funtuwa na shiga hannun Oga Tanimu, direba kuma bakanike, mutumin da bai taɓa zama a aji ba amma in ya kara kunne a jikin mota zai gaya maka abin da za ta yi bayan wata biyu. Motarsa babba ce mai bodin katako, muna lodin auduga mu gangara kudu, mu dawo da gishiri da goro. Injinta ba irin na kowa ba ne. Injin gas da kuka sani, sai fistan ya yi tafiya huɗu kafin wuta ta kama sau ɗaya. Wannan kuwa tafiya biyu ce, duk hawa sai ta kama, shi ya sa muke ce masa tu-siturok. Silinda uku ne a kwance a ƙarƙashin kujera, kowace da fistan biyu suna fuskantar juna, ba bawul ko ɗaya, sai wata na'ura a gefe da muke kira bulowa tana tura masa iska kamar zugazugin maƙera. In ka gan shi a ƙasa za ka raina shi don ƙanƙanta. Amma yana jan kayan da manyan injuna ke nishi a kansu, ga shi ba ya shan mai. Sauran direbobi su tsaya shan gas a Jebba, mu mu wuce muna ɗaga musu hannu. Oga Tanimu yana da sandar gora da ya yi wa tsage-tsage, da ita yake auna tanki, kuma duk wanda ya yi masa gardama a tasha sai ya zaro ta ya ce a tsoma. Shekarun da na yi a hannunsa ban ga an sauke injin nan ba ko sau ɗaya.

Sai dai yana da halinsa, kuma duk wanda bai san halin ba zai kashe shi da alheri. Oga Tanimu yakan ce mini:

"Sule, wannan injin ɗan aiki ne. Ka ɗora masa kaya ka taka shi, zai gode maka. Ka bar shi a silo yana gurnani a tsaye, to kana tara masa ciwo."

Dalili shi ne, in yana aiki a tsaye ba ya yin zafin da zai ƙone baƙin man da ke sulalewa ta gefen ringi, zoben da ke jikin fistan. Sai man ya taru a akwatin iska, inda bulowa ke hurawa. Don haka masu ƙera shi suka sa masa 'yan bututu biyu a ƙarƙashi, su riƙa ɗigar da abin da ya taru. Duk inda motar ta kwana sai ta bar baƙin tabo a ƙasa, kuma wannan tabon shi ne alamar lafiyarta. Baƙin mai ma ba kowane yake sha ba, sai mai kauri ɗaya wanda ba ya tsinkewa in ya ji wuta. A bayan kujera kuwa kullum akwai wani katako mai faɗin faranti, an buga masa robar tiyub a fuska ɗaya. Ranar da na fara aiki na ɗauka na cin tuwo ne a kai, na tambaya. Bai amsa ba. Wata bakwai bayan haka hanya ta amsa mini.

A kusa da Tegina ne, motar wani ce ba tamu ba, amma irin injin ɗaya. Man da ya taru a akwatin iska ya kwarara cikin silinda, injin ya kama shan baƙin mansa. In haka ta faru, ko ka kashe gas ba zai mutu ba, domin ba gas yake sha ba. Gudunsa yana ƙaruwa, yana ƙara zuƙo mai, har sai ya tarwatse. Magani ɗaya ne, a toshe masa iska, kuma aikin katakon nan ke nan. Su ba su da katako. Abokin aikin direban, wani Garba ɗan Malumfashi, mutum mai iyali, ya cire rigarsa ya dunƙule ya danna a bakin bututun shan iska. Bulowa ta zuƙe rigar, hannun da ke riƙe da ita ya bi. Ni na riƙe kansa a cinyata har asibiti. Ya rayu, amma da hagu yake cin abinci har ya mutu. Da muka koma mota Oga Tanimu ya zaro katakon nan ya ɗora mini a cinya ya ce:

"Katako ko ba komai. In babu katako, ka bar ƙarfe ya ci kansa, ka gudu."

Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi nan gaba.

Rayuwata a Manchester kun san ta, ba sai na maimaita ba. Shekara talatin da ɗoriya ina kwance a ƙarƙashin bas-bas ɗin mutane, sanyi yana cin yatsuna, don ku zauna a aji. Gab da in yi ritaya wani abokin aikina Bature ya kai ni wata gona a bayan gari, wai akwai tsohuwar mota da kaji ke ƙwai a cikinta. Ina leƙa ƙarƙashin kujera na ga silinda ukun nan a kwance, sai da na nemi wuri na zauna. Na sayo ta, na kama wani fili a bayan Stockport Road, na yi shekara shida ina tayar da ita ƙusa bayan ƙusa. Mahaifiyarku ce ta raɗa mata Tsohuwa, wai mu biyu mun dace, ga tari ga rigima. Ranar da ta fara tashi, duk unguwarmu ta Levenshulme sai da aka ji. Kafin in sa mata fenti ma, abin da na fara yi shi ne na yanka katako na buga masa roba na ajiye a bayan kujera.

A shekarar da nake ba ku labari abu biyu suka zo tare. Mai filin ya sayar, za a gina gidaje. Likitanmu kuma ya tura ni asibiti, suka ce sai an buɗe ƙirjina an gyara hanyoyin zuciya. A nan ne wanku ya shigo. Ya ce surukinsa Alhaji Mamman, akantan nan na Erdington a Birmingham, yana da sito babba da ba komai a ciki, a kai Tsohuwa can har in warke.

Dole in tsaya in faɗi wani abu a kan wanku, don ku da kuka tashi a nan kuna ganin abin kamar ƙiyayya. Shi ɗan fari ne. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zaunar da shi yana hira da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayana ba har ƙasa ta rufe masa ido, kuma babu wanda ya ce ba ya son shi. Alkunya ce, da ita aka haife mu. Ke Binta na goya ki, na yi miki wasa, na koya miki canja taya. Shi kuwa in ina son ya yi abu sai in ce wa mahaifiyarku, "A gaya wa yaron nan." Da ya gama karatu na koma ce masa Injiniya, kuma Allah ya sani rabin tsokana ce rabin alfahari. Ban taɓa barin shi ya riƙe sifana ba. Ina so hannunsa ya fita fes, kada ya yi irin nawa. Ya zama injiniyan da ke zana injuna a kwamfuta, ni kuma ina gaya wa duk wanda zai saurara a masallaci, ban da shi.

Ni na tuƙa Tsohuwa zuwa Birmingham da kaina, sati biyu kafin aikin zuciyata, ko da yake likita ya hana. Wanku yana biye da ni a jif ɗinsa. Na taka ta yadda take so, tana kururuwa a kan babbar hanya, direbobin tirela suna yi mini ham suna ɗaga yatsa. Da muka isa na zaro sandata ta gora irin ta Oga Tanimu na tsoma a tanki. Wanku ya leƙo ya ga inda mai ya tsaya, ya dubi sandar, ya dubi motarsa, ya fashe da dariya.

"That can't be right. Baba, kusan abin da tawa ta sha ke nan, and she's three times the size."

"Sanda ba ta ƙarya," na ce, ina kallon wani wuri.

"To ku gaya mini yadda take aiki mana. Just tell me what she needs, zan kula da ita har ku samu sauƙi."

Ga ƙofa a buɗe. Minti biyar ya ishe ni in gaya masa duk abin da Oga Tanimu ya gaya mini. Amma ga surukinsa a tsaye, ga matarsa, ni kuma ban saba ba. Sai na miƙa makullin ga Alhaji Mamman, ba shi ba, na ce:

"Ai su sun karanta a jami'a. A dai bar ta yadda na ajiye ta."

Aka yi aikin, na tashi, kuka kwashe ni zuwa gidan Binta a Sparkhill don ita likita ce. Wata biyar kuka tsare ni kamar ɗan fursuna. Ba gishiri, ba man ja, ba tuƙi, a ƙirga mini taku daga ƙofa zuwa Stratford Road. Tsohuwa tana cikin gari ɗaya da ni, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, amma duk sanda na ce a kai ni sai ku haɗa baki. "Baba, your blood pressure." "Malam, ka bari sai ka ƙara ƙarfi." Ashe dukanku kun san abin da ake shiryawa, wai za a ba ni mamaki. Wannan ne abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Dukanku masu hankali, da likita a cikinku, babu wanda ya ce a tambayi mai motar. Da kun kai ni sau ɗaya, kallo ɗaya zan yi wa ƙasa in gane.

Kowace Asabar da hantsi wanku yakan zo gaishe ni, yana warin hayaƙin da na sani. Na tambayi mahaifiyarku, ta ce ai aikinsu ne haka. Ni ma da na ce "Ina ka fito?" da an wuce wurin. Ban ce ba.

Ranar Asabar ce bayan ƙaramar Sallah kuka ce in sa manyan kaya za mu fita. Aka ja ƙofar siton, sai ga Tsohuwa tana ƙyalli. An wanke ta, an goge ƙarafanta, an ɗinke kujerar da ta yage. Ga Alhaji Mamman da iyalinsa, ga jikoki sun jeru a gaban hancinta, Binta ta ɗaga waya. Wanku yana gefe ya haɗa hannu a baya, yana murmushin da rabon da in ga irinsa tun yana firamare. Mahaifiyarku ta matso ta raɗa mini:

"Malam, duk shi ya yi. Ka ce wani abu."

Ni kuwa ƙasa nake kallo. Simintin da ke ƙarƙashin motar fes yake, ko ɗigo babu. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba ke nan, kuma ga shi na rubuta: na gani, na gane akwai matsala, kuma duk da haka na hau. Da in durƙusa da babbar riga in leƙa ƙarƙashi a gaban surukai, in nuna ina zargin aikin ɗana, na ga gara in tayar da ita in saurara. Na ce wa kaina wataƙila goge wurin suka yi da safe. Bakaniken da ya shekara hamsin yana aiki ya yi wa kansa wannan ƙaryar don kunya.

Bugu ɗaya ta tashi. Kowa ya tafa. Na saurara, na ji muryarta ta yi nauyi kamar mai majina, na ɗan taɓa totur don ta washe. Sai ta ɗauka. Na ɗage ƙafa, ba ta sauko ba. Na ja wayar kashe gas har ƙarshe, ta ƙara hawa. Hayaƙi fari mai kauri ya turnuƙe daga salansa, ƙarar ta wuce kururuwa ta koma wani abu da ke shiga haƙora. Na kai hannu bayan kujera. Babu katako. Na laluba, na sake laluba, sai sabon kafet mai laushi. Na yi tunanin in sa babbar giya in saki kuloci ko za ta shaƙe ta mutu, na ɗaga kai na ga jikokina da mahaifiyarku a gaban hancin motar. Birki ya kuskure sau ɗaya, na gama da gidana. Na diro, ban ma san yadda na diro ba, ina kaɗa hannu kowa ya fita.

Kowa ya gudu ban da mutum ɗaya. Wanku ya san karatunsa, ba zan hana shi wannan ba. Ya gane iska za a toshe. Na gan shi ta cikin hayaƙi ya cire kwat ɗinsa yana dunƙule ta a hannun dama, ya nufi bakin bututun shan iska da ke bayan kan motar. Tukunyar tace iskar ma ba ta wurin, ya cire ta ya kai fenti, bututun yana buɗe kai tsaye zuwa bulowa. Daidai tsayuwar Garba, daidai riƙonsa. Ni da aka ce kada in ɗauki abin da ya fi butar shayi, na yi tsalle na damƙi wuyan rigarsa ta baya da hannu biyu. Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, yana fizgewa yana nuna motar, ni ina ja. Na ji wani abu ya ɓalle a tsakiyar ƙirjina, ban saki ba. Haka na ja shi har bakin ƙofa. Wannan ne wayar Binta ta kama, kuma abin da duniya ta gani ke nan.

Ba mu daɗe da fita ba Tsohuwa ta yi wata ƙara kamar an jefa buhun ƙarafa daga saman bene, sai shiru. Mai ya malalo daga ƙarƙashinta har bakin ƙofa. Shekara shida na aikina, da abin da ya rage mini na Oga Tanimu, suka tsiyaye a kan simintin Alhaji Mamman ina kallo.

Wanku ya juyo, kwat ɗin tana hannunsa, idonsa ya yi ja.

"Baba, da kun bar ni. I could have saved her. Ko yanzu ma ba ku yarda in taɓa ta ba?"

Na tambaye shi abin da ya yi mata, kai tsaye, ba ta bakin kowa ba. Ya lissafa mini. Ya ga tana ɗigar da mai a siton surukinsa, ya ji kunya, ya samo ƙusoshi ya toshe bututun biyu. Ya zubar da baƙin maina ya zuba na zamani mafi tsada, har ya ɗan ƙara don kada ya gaza. Katakon kuwa ya ɗauka tarkace ne, ya jefar da shi tare da tsummokara. Kuma kowace Asabar yakan zo ya tayar da ita ya bar ta a silo rabin awa.

"Warming ɗinta nake yi, Baba. Kamar yadda kuke yi wa motar gida kullum da safe."

Gaskiya ya faɗa. Duk ɗan Nijeriya da ɗumama mota ya tashi, kuma tun yana ƙarami yake gani ta taga ina tayar da ƙaramar motarmu a Levenshulme in bar ta tana aiki ina shan shayi, maƙwabta suna mamaki. Abin da ya gani ya yi, tunda abin da zai ji ba a gaya masa ba. Amma a lokacin ban ga wannan ba. Ƙirjina yana ci da wuta, tsoron da na ji ya juye ya zama fushi, kuma fushin ya sami wanda zai sauka a kansa. A gaban matarsa da surukinsa da 'ya'yansa na ce:

"Ka cece ta? Wata biyar kana kashe ta da hannunka. Ashe takarda na haifa, ba ɗa ba."

Maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa yi masa ido da ido ke nan a rayuwarsa. Ya ajiye kwat ɗin a kan wata ganga, a hankali, ya fita.

Sauran kun sani. Wayar da aka ɗaure ƙashin ƙirjina da ita ta tsinke, aka mayar da ni asibiti sati uku. Mahaifiyarku ta ce ya zo sau biyu ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bai shigo ba. Ni ma ban ce a shigo da shi ba. Tun daga nan gaisuwarmu ta koma ta waya, ranar Sallah, a wayar mahaifiyarku, ba ta kai tsawon bidiyon ba. Ku kuma kuka zauna kuka yanke hukunci: Baba ya shaƙe shi don ya lalata masa mota. Babu ɗayanku da ya tambaye ni me ya sa na riƙe shi. Kun kalli abin sau ɗari, kun tsayar, kun mayar baya, amma babu wanda ya lura da abin da ke hannunsa na dama, ko inda ya nufa da shi. Ina fushi da ku a kan wannan, kuma ba zan ɓoye ba. Ina fushi da masu tura wa dangi abin da ba su fahimta ba. Ina fushi da shi, har gobe, domin mutumin da ya ga bututu yana ɗiga ya kamata ya tambayi dalilin da aka sa shi kafin ya toshe. Tabon mai a siminti ne ya fi ƙarfinsa.

Bayan na warke na sa Alhaji Mamman ya buɗe mini siton ni kaɗai. Mutumin kirki, bai taɓa cewa in kwashe gawar ba. Na kwanta na shiga ƙarƙashi. Na ga ƙusoshin da ya toshe bututun da su: masu kyau ne, da ɗan zoben jan ƙarfe a ƙarƙashin kowace, an ɗaure su daidai, ba sako-sako ba, ba a wuce ƙima ba. Aikin banza ne, amma hannun da ya yi shi hannun bakanike ne, kuma ba ni na koya masa ba. A aljihun gaban mota na sami ƙaramin littafi. Kowace Asabar ya rubuta ranar, da mintin da ta yi tana aiki, da abin da ya gyara. Asabar ashirin da ɗaya, ba fashi. A shafin ƙarshe ya rubuta da Hausarsa ta 'yan Manchester, "A tambayi Baba game da smoke ɗin." Bai tambaya ba. Na zauna a kan matakalar motar da littafin a hannu, na rasa wanda zan zaga. Mahaifina ya yi alkunya da yayana a Funtuwa, amma a can akwai baffanni da kawunai da za su zaunar da yaro su gaya masa abin da uba ba zai faɗa ba. Ni na ɗauko alkunyar na kawo ta ƙasar da ba shi da baffa ko ɗaya, na yi shiru shekara arba'in, sannan na zage shi don bai sani ba.

Akwai abin da bidiyon bai ɗauka ba, domin ƙarar injin ta cinye shi. Lokacin da na ga ya nufi bututun nan, kafin hannuna ya kai gare shi, na kira sunansa. Sau uku na kira, da duk ƙarfin da ya rage a ƙirjina. Shi ne karo na farko tun ranar da aka raɗa masa shi, kuma babu wanda ya ji, har shi.

To bari in rubuta, tunda takarda ba ta da ƙara. Kabiru. Ka ajiye wannan takardar ka buɗe hannunka na dama, ka ƙirga yatsun. Biyar ne. Da na tsaya na bar ka, wataƙila da Tsohuwa tana nan, kai kuma kana cin tuwo da hagu. Na zaɓa, ban yi shawara da kowa ba, kuma da za a dawo da ranar sau goma haka zan sake zaɓa. Maganar da na yi bayan nan kuwa ƙarya ce, ɗa na haifa, kuma na san haka tun kafin in rufe baki.

Watan jiya na samo wani injin irin nata a wurin wani mai tsofaffin ƙarafa a ƙauye. Yana garejin bayan gida a Levenshulme, a kan katakai, an rufe shi da tamfol. Ya daskare, sai an warware shi gaba ɗaya, ni kuma hannuna ba ya iya riƙe sifana yadda ya kamata. Na yanka sabon katako, na buga masa roba, yana jingine a bayan ƙofa. Ban aika kowa ya gaya maka ba, kuma mahaifiyarka ba ta san na rubuta wannan ba. Ka zo ranar Asabar da hantsi, ka sa tsofaffin kaya, domin za ka yi baƙi har gwiwar hannu. Ka zo da littafin tambayoyinka in kana da wani. Zan amsa maka da bakina.